Babi Na Shida: Numfashin Kogi Bayan Hadari

Mai kiwon kifi ba ya tsoron wani lokaci kamar asuba. Da rana kifinsa garau suke, in ya watsa musu abinci su yi caa a kai. Amma a ce an yi kwana biyu rana ba ta fito sosai ba, sannan aka kwana ana tafka ruwa, to da sassafe sai ya tarar da karfasa sun taso sama jingim, baki buɗe, suna haƙilon zuƙar iska a fuskar ruwa. Babu wanda ya zuba guba, ruwan ma ƙaruwa ya yi. Iskar da ke narke a cikinsa ce ta ƙare cikin dare. In bai hanzarta ya sauya ruwan ko ya tayar da injin da zai dama shi ba, kafin hantsi sai dai ya kwashe gawa da kwando.

Abin da ya sami ɗan tafkin mai kiwon kifin nan yana samun kogi mai tsawon kilomita dubu, yana kuma samun bakin teku inda kogi ke juye ruwansa. Sai dai shi kogi ba shi da mai tashi da asuba ya leƙa shi.

Bari mu ɗan yi lissafi, domin sai da shi sauran bayanin zai zauna. Lita guda ta iskar da muke shaƙa tana ɗauke da oksijin kusan miligiram 280. Lita guda ta ruwa kuwa, in zafinsa digiri 20 ne, iyakar abin da za ta riƙe wajen miligiram 9 ne. In zafin ya kai digiri 30, irin na kogunanmu da bazara, sai ya sauka zuwa bakwai da rabi. Ke nan kifi talaka ne a wajen iska tun asali, abin da ke hannunsa bai wuce kashi ɗaya cikin talatin na namu ba. In oksijin ya sauka ƙasa da miligiram 2, yawancin kifaye ko dai su gudu ko su mutu. Tazarar da ke tsakanin wadata da halaka miligiram biyar ce ko shida.

Ta hanya biyu oksijin ke shiga ruwa. Wani yana shiga ta sama, inda ruwa ke gogayya da iska, musamman inda yake tsalle a kan duwatsu ko iska na kaɗa shi. Sauran kuma tsirrai ne ke samar da shi muddin akwai rana: gansakukar da ke sa dutse santsi, ciyawar ƙarƙashin ruwa, da wasu ƙananan tsirrai masu yawo waɗanda ido ba ya gani sai sun yi yawa ruwa ya koma kore. Masu cinsa kuwa ba su da hutu, dare da rana. Kifi na ci, kwaɗi da tsutsa na ci, su kansu tsirran na ci, amma babban maci shi ne wanda ba a gani, wato ƙwayoyin bakteriya masu ruɓar da duk wani matacce da ya faɗo ruwa. Ganye guda in ya faɗa kogi, da oksijin ɗin kogin za a ruɓar da shi.

A 1956 wani masani Ba'amurke, Howard Odum, ya fito da dabarar auna wannan ciniki. Ya ce a riƙa auna oksijin na ruwa mai gudu sa'a bayan sa'a, dare da rana. Da hantsi zai fara hawa, ya kai ƙololuwa wajen la'asar, ya yi ta sauka cikin dare har gab da fitowar rana. Saukar dare ita ke nuna yawan abin da halittun kogin ke ci gaba ɗayansu, tun da babu mai samarwa a cikin duhu. Hawan rana kuma yana nuna abin da tsirrai suka noma. In aka ware abin da ya shiga ko ya fita ta fuskar ruwa, to an sami littafin shiga da fita na kogi, kamar na ɗan tireda. Odum ya yi aikinsa a Silver Springs ta jihar Fulorida, wata maɓuɓɓuga mai ruwa garai-garai. A zamaninsa kwalba ake cikawa, a ɗiga magani, a duba launi, mutum ya kwana a bakin ruwa sauro na cinsa. Yau wata 'yar na'ura ce kamar tocila, a ɗaure ta a ƙafar gada, tana rubutawa kowane minti goma sha biyar har tsawon watanni. Wannan hawa da sauka nake kira numfashin kogi.

Da aka tara irin wannan lissafi daga koguna masu yawa, sai aka ga akasarinsu cinsu ya fi nomansu. Giɓin daga tudu ake cike shi, da ganye, da ciyawa, da kashin dabbobi, da ƙasar gona. Kogi kamar gidan ma'aikacin birni yake, wanda albashi ba ya kai shi ƙarshen wata sai da buhun hatsin da ake aiko masa daga ƙauye. Direban da ke kawo aiken kuwa shi ne ruwan sama, kuma ba ya kawo shi kaɗan-kaɗan. A koguna da yawa, mafi yawan laka da takin da za su ɗauka a shekara cikin 'yan kwanakin ambaliya suke ɗaukarsa.

In hadari ya sauko da ƙarfi, nomar kogi ce ke fara tsayawa. Ruwa mai gudu yana mirgina tsakuwa da yashi, su kankare gansakuka tas kamar an sa soso. Laka kuma ta toshe haske, ko taƙi ɗaya rana ba ta ratsawa. A kogin Thur na ƙasar Suwizalan, inda Urs Uehlinger ya bi lissafin shekaru 15, duk ambaliyar da ta motsa tsakuwar ƙasan kogi tana rage nomar tsirrai da kusan rabi, amma cin oksijin da kusan kashi ɗaya cikin biyar kawai yake raguwa, domin bakteriya na can cikin yashi inda soson bai kai ba. Abin mamaki shi ne saurin farfaɗowa. A wata ƙorama ta hamadar Arizona mai suna Sycamore, wadda ɗabi'arta ta yi kama da ƙoramunmu masu cika yau su janye gobe, Stuart Fisher da abokan aikinsa sun ba da rahoto a 1982 cewa ambaliya guda ta share gansakuka kusan ƙaf, ta tafi da kashi 98 cikin ɗari na ƙananan ƙwarin ruwa. Cikin mako biyu zuwa uku duwatsu sun sake yin santsi, ƙwari sun dawo. Kogin da ruwansa ke wucewa da sauri ba ya riƙe ciwo.

Matsalar tana wajen kayan da hadarin ya ɗauko. Misalin da ya fi burge ni a nan daga Afirka yake, kuma babu masana'anta ko ɗaya a cikinsa.

Kogin Mara yana tasowa daga tsaunukan Mau na Kenya, ya ratsa gandun dajin Masai Mara da na Serengeti a Tanzaniya, ya faɗa tafkin Biktoriya. A ɓangaren Kenya akwai dorinai sama da 4,000. Dorina da dare take kiwo a tudu, da rana ta koma gurbinta cikin ruwa, a nan take wuni, a nan take kashi. An ƙiyasta abin da suke zubawa a kogin kullum ya kai kilo 8,500, in an cire ruwan da ke cikinsa. Da rani, lokacin da kogin ya ja baya, kashin sai ya kwanta a ƙasan gurabun yana ruɓewa. Ruwan ƙasan gurbi ya rasa oksijin ɗungurungum, ya cika da amoniya da iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Muddin ba a motsa shi ba, yana nan a kwance ba ya cutar da kowa.

Wasu masu bincike biyu, Christopher Dutton da Amanda Subalusky, sun lura cewa wani lokaci in an yi ruwa a sama kogin ya taso, washegari sai a ga kifi a mace birjik a gaɓa. Ba ya daɗewa a wurin, domin ungulu da borin-tinke da kada da kura sukan share shi cikin yini guda, shi ya sa ba kowa ya san ana yi ba. Shiga gurbin dorina don ɗibar ruwa kuwa ganganci ne, saboda haka suka yi amfani da ɗan jirgin ruwa mai rimot wanda aka yi wa siffar kada, dorinai suka ƙyale shi yana shawagi a tsakaninsu yana aune-aune. Na'urarsu da ke ɗaure a kogin ta rubuta tasowar ruwa sau 55 cikin shekara uku. Sau 49 oksijin ya faɗi, sau 13 kuma ya faɗi ƙasa da abin da kifi zai jure. Cikin shekara biyar sun ga mutuwar kifi sau tara. Sun buga sakamakon a 2018. Ruwan saman da ya zo tsaftatacce ne, laifinsa ɗaya, ya bi ta gurbi ya kwaso abin da aka yi wata da watanni ana tarawa, ya juye shi a kan kifin da ke gangare cikin sa'o'i kaɗan. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza.

Wanda ya zauna a babban gari ya san irin wannan ko da bai taɓa ganin dorina ba. Wata shida ko bakwai na rani kwata tana tara abin da take tarawa, bola na tsawo, mahauta na zubar da jini da tumbi, bakanike na zubar da baƙin mai. Ruwan farko mai ƙarfi shi zai kwashe su gaba ɗaya zuwa rafi, kuma a daidai lokacin da rafin ya fi ƙaranci, ya fi zafi, ya fi talaucin oksijin. Shi ya sa ruwan farko ya fi na tsakiyar damina haɗari ga kifi nesa ba kusa ba, ko da na tsakiyar daminar ya ninka shi yawa. Masu tace ruwan famfo ma a lokacin suke shan wuya: alam ɗin da zai kwantar da laka sai an ƙara, kuma ƙwayar cuta takan fake a cikin laka kulorin ya kasa cim mata. Bayan ɓallewar madatsar Alau a Satumban 2024, da ruwa ya haɗe masai da rijiya a Maiduguri, ba a cika wata guda ba gwamnatin Borno ta sanar da ɓarkewar kwalara.

Kada a ɗauka na matalauta ne kawai. Magudanan ƙarƙashin Landan, waɗanda aka gina tun bayan 1858, shekarar da ɗoyin kogi ya addabi birnin, hanya ɗaya suka yi wa ruwan sama da na bayan gida, in sun cika sai su amayar a kogin Thames. Ranar 3 ga Agustan 2004 hadari guda ya tura ƙazanta sama da tan 600,000 cikin kogin, kifi dubbai suka mutu a cikin birnin. Shekaru da dama maganin da ake yi shi ne wani jirgi mai hura oksijin cikin ruwa, kamar majinyacin da aka sa wa robar numfashi. Sai a 2025 aka kammala haɗa wani ƙaton rami mai tsawon kilomita 25 da zai riƙa tare ƙazantar. A Ostareliya kuwa ganyen itace ne ya yi aikin. Bayan fari na kusan shekara goma, ambaliyar 2010 ta shiga dazuzzukan turare na gaɓar kogin Murray, ta jiƙa ganyen da ya daɗe yana taruwa, ruwan ya koma kamar baƙin shayi. Kimanin kilomita 2,000 na kogi suka rasa oksijin har wata shida, manyan kifaye suka mutu, aka ga halittun ruwa masu ɓawo suna rarrafowa gaɓa suna hawa kututture don neman iska. Abin da ya haɗa Mara da Landan da Murray shi ne tsawon lokacin da aka yi ana tari kafin ruwan ya zo.

Mutanen Yamai suna ganin bambancin ambaliya da ambaliya da idonsu kowace shekara. Kogin Kwara sau biyu yake cika a wurinsu. A Agusta da Satumba ruwan da ya sauka a nan kusa ne, wanda Sirba da Dargol da Gorouol ke kawowa daga wajen Burkina Faso, jawur da shi saboda jar ƙasar da ya kankaro. Na biyun sai wajen Disamba da Janairu yake isowa daga tsaunukan Gini, bayan ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali, ya sauke lakarsa a can, ya iso a tace. A Kainji ma haka ne, ana bambanta farar ambaliya mai laka da baƙar ambaliya ta lokacin sanyi. Kogi ɗaya, amma a na farko rana ba ta ganin ƙasansa.

Duk wannan a kogi ne, inda ruwa ke wucewa. Bakin teku wani abu ne daban, domin a can ruwa zama yake yi.

A gabashin jihar Karolina ta Arewa a Amurka akwai wani makeken ruwa da ake kira Pamlico, tsawonsa wajen kilomita 130, amma ba shi da zurfi, a matsakaici bai kai mita biyar ba. Wasu siraran tsibiran yashi sun kange shi daga tekun Atlantika, sai 'yan ƙofofi ƙanana da ruwa ke shiga da fita. Kogunan Neuse da Tar a ciki suke juyewa. Saboda ƙuncin ƙofofin, ruwan da ya shiga yakan yi kusan shekara kafin ya fita. Wannan ne ya sa ya zama gidan renon kifi da ƙaguwa da jatan lande na wancan yanki, shi ne kuma rauninsa.

A kakar 1999 mahaukatan guguwa uku suka bi ta wurin cikin mako shida. Dennis ta zo a farkon Satumba ta jiƙa ƙasa sharkaf. Floyd ta sauka ranar 16 ga wata a kan ƙasar da ba ta da sauran wurin shan ruwa. Irene ta ƙarasa a tsakiyar Oktoba. A wasu wurare ruwan da ya sauka ya kai mita guda. Yankin kuwa cibiyar kiwon alade ce, a lokacin aladun jihar sun kusa miliyan 10, sun fi mutanenta yawa, kuma kashinsu a manyan tafkuna buɗaɗɗu ake tara shi. Ruwa ya shanye tafkunan da dama, ya shanye matatun ƙazantar garuruwa, ya bi gonaki ya kwashe taki, ya wanke dausayi. Hotunan lokacin sun nuna aladu cunkushe a kan rufin garkensu, ruwa ya kewaye su. Dubbai sun nutse, kaji kuwa miliyoyi.

Hans Paerl na Jami'ar Karolina ta Arewa da abokan aikinsa suna cikin ruwan suna aune-aune tun ambaliyar ba ta janye ba, suka buga abin da suka gani a 2001. Cikin makonni shidan nan ruwan tudu ya maye gurbin kashi uku cikin huɗu na ruwan Pamlico, gishirinsa ya ragu da misalin haka. Aƙalla rabin sinadarin naitirojin da yakan samu a shekara, wato sinadarin da manomi ke saye a buhun yuriya, ya shigo a wannan ɗan lokaci. Ruɓaɓɓen kayan tsirrai da ke cikin ruwan Neuse ya ninka aƙalla sau biyu.

Ga yadda ɓarnar ke tafiya. Ruwan daɗi bai kai ruwan gishiri nauyi ba, saboda haka in ya shigo da yawa sai ya hau sama ya shimfiɗu, kamar man gyaɗa a kan miya. Ya zama murfi. Na sama yana samun iska, na ƙasa an rufe masa ƙofa. Dattin da ambaliya ta kawo kuma ƙasa yake nitsewa, bakteriya su hau kansa da ɗan oksijin ɗin da ya rage. Kifi yana iya tserewa zuwa gefe, inda zai cunkushe da 'yan uwansa cikin ruwan da bai saba da shi ba, ga ƙarancin gishiri ga yunwa, shi ya sa aka yi ta kama kifi masu gyambo a jiki. Tsutsotsi da masu ɓawon da ke maƙale a ƙasa ba su da wurin zuwa. Ƙaguwar da ta shiga tarkon masunci ma haka, in mataccen ruwa ya biyo ta kanta a ciki za ta mutu.

Sannan akwai bugu na biyu, wanda ke zuwa bayan kowa ya koma harkarsa. Lokacin ambaliya ruwa ya yi duhu kuma yana gudu, tsirrai masu yawo ba sa iya yaɗuwa duk da ga taki a gabansu. Da laka ta kwanta, rana ta ratsa, sai su tarar da gona an zuba mata taki babu mai ita. Suka yaɗu ninki-ba-ninki a Pamlico, suka kuma daɗe. Da rana su cika ruwa da oksijin, da dare su zuƙe, in sun mutu su nitse su zama sabon abincin bakteriya. Takin da ya kwanta a laka kuma yana ci gaba da tasowa a daminar gaba da ta bayanta. Kamun ƙaguwa, wanda shi ne babban abin dogaron masuntan yankin, ya faɗi a shekarun da suka biyo baya.

Wani abin lura, girman guguwa ba shi ne ma'aunin ɓarnarta ba. Fran, wadda ta zo a Satumban 1996, ruwanta bai kai na Floyd ba, amma ita ce ta fi kashe kifi a cikin kogunan Neuse da Cape Fear. Ta kawo isasshen ruwan da zai kwaso ƙazanta da ruwan dausayi, ba ta kawo wanda zai surka su ba. Floyd kuwa yawan ruwanta ya tsarma dattin a cikin kogi, ya tura shi gaba, ya je ya jibge a Pamlico. Kogi ya tsira, bakin teku ya biya bashin.

Iska ma tana da nata hukuncin, kuma sau da yawa akasin na ruwa ne. A tekun Meziko, gaban bakin kogin Misisipi, kowace bazara akan sami yankin da ƙasansa ba shi da oksijin saboda takin gonakin tsakiyar Amurka, kuma tun 1985 ake auna faɗinsa. A 2017 ya kai murabba'in kilomita 22,720. A 2020 aka yi hasashen zai yi girma, sai guguwar Hanna ta bi ta tekun kwanaki kaɗan kafin jirgin masu awo ya fita, ta dama ruwan sama da na ƙasa kamar ana dama fura. Da aka auna, 5,480 aka samu. Sai dai sauƙin na ɗan lokaci ne, da iska ta lafa murfin ke komawa, tun da takin yana nan.

Kada mai karatu ya fita daga wannan babi yana ganin ambaliya abokiyar gaba ce. Masuntan fadamar Haɗeja da Nguru sun fi kowa sanin cewa shekarar da ruwa ya malala sosai ita ce shekarar kifi. Tarwaɗa jira take ruwa ya hau ciyawa ta bi shi ta zuba ƙwai, 'ya'yanta su girma a cikin abincin da ambaliya ta jiƙa. Kifayen fadama kuma sun daɗe da shirya wa ƙarancin iska: tarwaɗa tana da wata gaɓa a kanta da take shaƙar iskar sama da ita, gaiwa kuwa huhu gare ta sosai, har takan shige laka ta yi rani a ciki. Giwan ruwa ba shi da ko ɗaya, shi ya sa yana cikin masu fara galabaita. Kogin da ke yawan shaƙewa ba lalle ya rasa kifi ba, amma masunci zai ga kamunsa yana komawa tarwaɗa zalla. A ganina ambaliyar da ke zuwa kan lokacinta, ta sami fadama ta shimfiɗu, ta janye a hankali, ita ce ke ciyar da kogi. Wadda ke shaƙe shi ita ce mai zuwa a fusace daga ƙasar da aka sare wa itace, ta bi ta kwata da bola, ta tarar an gine fadamar da za ta huta a ciki.

Irin wannan ta biyun kuma ƙaruwa take yi. Duk digiri ɗaya da zafin iska ya ƙaru, tana iya ɗaukar ƙarin tururi kusan kashi 7 cikin ɗari, kuma abin da ta ɗauka sai ta sauke. Paerl da abokansa sun duba bayanan ruwan sama na gaɓar Karolina ta Arewa tun daga 1898, suka tarar shida daga cikin bakwai mafiya girma sun faɗo ne cikin shekaru ashirin na ƙarshen lissafinsu, har da Floyd, da Matthew ta 2016, da Florence ta 2018. Bayan Florence, da ruwa ya janye daga babbar hanyar mota mai lamba 40, kifi aka tarar a zube a kan kwalta, sai da 'yan kwana-kwana suka zo da mesa suka wanke.

Wahalar wannan fanni ita ce abin yana faruwa a lokacin da mai awo ba ya nan. Jami'in da ke zuwa ɗibar ruwa sau ɗaya a wata, da hantsi, ranar da hanya ta bushe, zai rubuta cewa kogi lafiya lau, alhali shaƙewar ta auku da ƙarfe huɗu na asuba mako biyu da suka wuce, ungulu sun riga sun share shaida. Bayan Floyd, masu binciken Karolina sun nemo mafita mai arha. Jiragen fito na gwamnati suna ratsa Neuse da Pamlico kullum, tun asuba har dare, saboda haka daga shekarar 2000 aka sa musu na'urori a inda suke zuƙar ruwan sanyaya inji, suna auna gishiri da zafi da laka da yawan tsirrai a kowace tafiya. Sunan shirin FerryMon.

Mu ma muna da masu fito a Yawuri, da Lakwaja, da Numan, da Gaya ta Nijar, kuma ba sa fashin ƙetare kogi rani da damina. Ga gadoji, ga jami'o'i a kusa da kusan kowane babban kogi, ga hukumomin raya kogunan Haɗeja da Jama'are da na Sakkwato da Rima. Kirana gare su shi ne a ɗaura irin wannan 'yar na'ura a ƙafar gada ko a gindin jirgin fito tun watan Afrilu, kafin ruwan farko ya sauka, a bar ta har kaka.